In Kamfani Ya Mutu, Wa Ake Fara Biya?

(Laccar da wani ɗalibinmu mai karatun shari'a ya gabatar a taron ɗalibai da matasan ma'aikata a Badarawa, Kaduna, lokacin dogon hutu.)



Kafin in shiga magana, ya kamata in nemi gafarar manya, gama abin da zan taɓo a yau ya girme ni. A shekarar 2002, da aka rufe masaƙar Kaduna Textiles, ko haihuwata ba a yi ba. Abin da ya ba ni ƙarfin halin tsayawa a gabanku shi ne wata tambaya da aka yi mini a nan unguwar tamu, wadda na kasa amsawa a lokacin.

Akwai wani dattijo maƙwabcinmu wanda ya yi shekaru masu yawa yana aiki a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri. Tun daga nan Badarawa yake hawa kekensa, ya ratsa gari, ya haye gada, ya kama aikin dare. Yau ba masaƙa, ba keke, sai wata jakar leda da yake ɓoyewa a ƙarƙashin katifa. A cikinta akwai takardar ɗaukarsa aiki, da katin shaidarsa, da wata takarda wadda aka lissafa masa kuɗin sallamarsa har da kwabbai. Ran da ya ji na shiga jami'a karatun shari'a, sai ya sa aka kira ni, ya baje takardun nan a kan tabarma, ya ce, "Ɗana, tun da lauya za ka zama, gaya mini, kuɗin nan nawa suna hannun wa?" Na yi shiru. Wannan lacca ƙoƙari ne na ba shi amsa.

Masaƙun Kakuri

Ga waɗanda ba su tarar ba, ya kamata su san abin da aka rasa. Masaƙar Kaduna Textiles ta fara aiki a 1957, zamanin Firimiya Sir Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato, da haɗin gwiwar hukumomin Gwamnatin Jihar Arewa da kamfanin David Whitehead na Ingila. Niyyar kuwa ita ce audugar da manomanmu na Funtuwa da Gusau da Zariya ke nomawa a saƙa ta a gida, maimakon a ɗora ta a jirgin ƙasa a kai ta teku. A cikin shekarun 1960 sai ga Arewa Textiles da jarin mutanen Japan, ga United Nigerian Textiles da jarin mutanen Hong Kong, ga wasu kuma sun biyo baya, har Kaduna ta zama cibiyar saƙa ta ƙasar nan, hedkwatar ƙungiyar ma'aikatan masaƙu ma a nan aka kafa ta. Adams Oshiomhole, wanda daga baya ya shugabanci ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa, a Arewa Textiles ya fara aiki.

Dalilan faɗuwarsu ba ɓoyayyu ba ne: karyewar darajar naira tun daga tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, da tsufan injuna, da rashin wutar lantarki, da tsadar baƙin mai, da kwararowar atamfofin waje ta halal da ta fasa-ƙwauri, sa'an nan da sakacin masu tafiyar da wasu daga cikinsu. Kaduna Textiles ta tsaya a 2002, United Nigerian Textiles ta rufe ƙofa a 2007, ko da yake an sake buɗe wani sashenta a 2010. Amma yau ba abin da ya kashe su nake so mu duba ba. Tambayata ita ce, bayan sun mutu, yaya aka yi da abin da suka bari?

Kamfani Mutum Ne a Idon Doka

Abu na farko da ake koya mana shi ne, kamfanin da aka yi wa rajista mutum ne mai zaman kansa a idon doka, dabam da mutanen da suka mallake shi. Shi ke cin bashi da sunansa, shi ke ɗaukar ma'aikata, shi ake kai ƙara. Wannan ƙa'ida ta kafu ne a wata shari'a da aka yanke a Ingila a 1896, shari'ar wani mai sana'ar takalma da ake kira Salomon, mu kuma muka gaje ta. Ma'anarta ita ce, in kamfani ya karye, mai hannun jari ba ya hasarar kome sai jarin da ya zuba. Ba a taɓa gidansa, ba a taɓa gonarsa.

Kada mu yi saurin zagin wannan ƙa'ida. In ba don ita ba, ba mai hankalin da zai zuba kuɗinsa a masaƙa ko banki, yana sane da cewa ran da ciniki ya ɓaci za a sayar da rigar wuyansa. Amma fa hasarar da aka ɗauke wa mai jari ba ɓacewa take yi ba. Wani ake ɗora wa. Duk dokar karayar arziki, in ka tace ta, tambaya guda take amsawa: tun da dukiyar ba za ta ishi kowa ba, wa za a biya, wa zai tafi hannu rabbana?

Kowa a nan ya taɓa ganin rabon gado. Ana fara fitar da kuɗin likkafani, a biya bashi, a zartar da wasiyya, abin da ya saura shi ne na magada. To, haka mutuwar kamfani take, masu hannun jari su ne magada, su ne na ƙarshe. Rikicin yana tsakanin masu bin bashi ne, domin ba matsayinsu ɗaya ba. Bisa Dokar Kamfanoni ta 2020, wadda aka fi sani da CAMA, wanda ya riƙe jinginar wata kadara takamaimai, kamar fili ko gini, shi ke kan gaba, kuma galibi banki ne. Bayansa akwai kuɗin aikin rabon kansa, watau ladan lauyoyi da akantoci da masu gwanjo. Sa'an nan basussukan da doka ta fifita, irin su haraji, da albashin ma'aikata, da kuɗin fanshon da aka yanka daga albashinsu. Daga nan sai mai jinginar da ba ta tsaya kan kadara guda ba. A can ƙarshen layi kuma sai wanda ba shi da jingina ko kaɗan: mai kawo auduga, mai motar dako, matar da ke dafa wa ma'aikata abinci ana biyanta wata-wata.

A takarda, ma'aikaci yana da fifiko. Amma ku duba da kyau. Ran da masaƙa ta mutu, ina dukiyarta take? Tana cikin fili da gini da manyan injuna, su ne kuwa aka riga aka jinginar. Kafin layi ya iso kan ma'aikaci, tukunya ta rage sai ƙanzo. Alhali kuwa banki ya auna kasada kafin ya ba da bashi, ya sa ruwa a kai, yana kuma da dubban masu cin bashi, in ɗaya ya faɗi saura su rufe. Shi ma'aikaci bai taɓa nufin ba kamfani bashi ba. Ƙarfinsa ya bayar, aka ce ya jira ƙarshen wata, ya jira ranar sallama. Ba shi da jingina, ba shi da wani uban gida na biyu. Wanda ya fi kowa rashin ikon ɗaukar hasara, shi aka bar wa mafi nauyinta.

Abin da Dokar 2020 Ta Gyara

Ba zan hana doka haƙƙinta ba. A ƙarƙashin tsohuwar dokar 1990, wadda take aiki lokacin da masaƙunmu suka faɗi, kamfanin da ya shiga matsala kusan hanya biyu ce a gabansa. Ko dai banki ya naɗa mai riƙon kadara ya sayar da abin da zai fanshe bashinsa, ko kuwa kotu ta ba da umarnin a warware kamfanin baki ɗaya. Duka biyun aikin mahauci ne, ba na likita ba.

Sabuwar dokar da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu ran 7 ga Agusta 2020 ta zo da hanyoyin jinya. Ta farko, kamfani na iya zama da masu binsa bashi su yi yarjejeniya, a rage masa ko a ƙara masa wa'adi, in mafi rinjayensu suka yarda ta hau kan kowa. Ta biyu, ana iya naɗa wa kamfani kantoma, wanda aikinsa na farko shi ne ya yi ƙoƙarin ceto shi yana raye, kuma muddin yana kan wannan aiki ana dakatar da masu bin bashi daga wawashe kadarori. Bugu da ƙari, dokar ta ce ba kowa zai yi wannan sana'a ba sai wanda ya cika sharuɗɗa, Hukumar Rajistar Kamfanoni ta ba shi izini. Ta kuma buɗe ƙofar a kama darektan da ya ci gaba da ciniki da cin bashi alhali ya sani, ko ya kamata ya sani, cewa kamfanin ba zai tashi ba, a sa shi ya biya daga aljihunsa.

Wannan ci gaba ne, domin kamfani mai rai ya fi gawarsa daraja. Injin saƙa yana aiki dukiya ne, in ya kwana shekara biyar ruwa na zuba a kansa sai 'yan gwangwan su auna shi a sikeli. Sai dai dokar ta koyi yadda za a ceci kamfani, ba ta koyi yadda za a ceci ma'aikaci in ceton ya gagara ba. A nan ne doka ke tsayawa, sai a koma ga amana da halin kirki.

Inda Amana Ke Karyewa

Wuri na farko shi ne wajen darektoci. Kamfani ba ya mutuwar fuju'a, yakan daɗe yana jinya, su ne kuwa suka fara sani. A wannan tsakani ne ake ɓarna: a sayar wa ɗan'uwa fili da arha, a biya bashin aboki a bar saura, a yanki kuɗin fansho daga albashi a ƙi kai shi inda Dokar Fansho ta 2004 da ta 2014 suka ce a kai. Doka ta ba kotu ikon warware irin wannan ciniki, amma sai an gano shi, ganowar kuwa tana hannun akanta da mai binciken littattafai. Wasunku da ke zaune a nan, wannan kujera za ku hau.

Na biyu shi ne wajen mai riƙon kadara. Banki ne ke naɗa shi, daga dukiyar kamfanin ake biyansa, gobe kuma yana fatan bankin ya sake ba shi wani aiki. To, wa zai yi wa biyayya? In ya sayar da masaƙa da gaggawa a kan kuɗin da zai rufe bashin banki kaɗai, ya gama da wanda ya naɗa shi, amma ya yanka sauran. In kuma ya ja aikin shekara da shekaru, ladansa na ƙaruwa, dukiyar na narkewa. An ce kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski. Wanda ya ci lada daga dukiyar da mutum dubu ke jira, askin mutum dubu ke wuyansa, ba na mutum guda ba.

Na uku, wanda ya fi ci mini rai, shi ne in Gwamnati ce mai kamfanin. Kaduna Textiles mallakar jihohin Arewa 19 ce. Shekara ashirin bayan rufe ta, tsofaffin ma'aikatanta da matan waɗanda suka rasu suna ta kai kuka ga gwamnonin Arewa a kan haƙƙinsu. A idon doka gwamnonin na iya cewa su masu hannun jari ne kawai, bashin na kamfani ne. Amma garkuwar da aka ƙera don ɗan kasuwa ya sami ƙarfin zuba jari, ya dace hukuma ta ɓuya a bayanta don kada ta biya talakawanta? Abin da kowa ya mallaka kuwa, ba mai shi. Jiha 19, kowace tana jiran 'yar'uwarta ta fara. Ba kuma a nan kaɗai ba ne. Kamfanin jiragen sama na Nigeria Airways ya daina tashi a 2003, amma sai a 2018 Gwamnatin Tarayya ta amince da fitar da naira biliyan 22.6 don biyan wani kashi na haƙƙin ma'aikatansa. Shekara 15 ke nan, da yawa sun riga mu gidan gaskiya suna jira.

Na huɗu shi ne ƙarfin hukuma mai karɓar bashi. A 2010 aka kafa AMCON don ta sayi ruɓaɓɓun basussukan bankuna, kada bankunan su rushe da kuɗin jama'a. Ta haka ne kamfanin harhaɗa motocin Peugeot na nan Kaduna, wanda ya fara aiki a 1975, ya koma hannunta a 2012, har aka sayar da shi ga wasu masu jari a 2020. Ta haka ne kuma ta karɓe kamfanin jiragen Arik a 2017. Gyaran da aka yi wa dokarta a 2019 ya ƙara mata iko ƙwarai, har da bin diddigin asusun waɗanda take bi. Ba na jin tausayin attajirin da ya ci biliyoyi ya ƙi biya yana yawo a jirginsa. Amma ku lura da wannan: da bankuna suka shiga uku, cikin ɗan lokaci aka yi musu doka, aka kafa musu hukuma, aka samo kuɗi. Masu ajiya a banki ma suna da hukumar inshora ta NDIC tun 1988, wadda ta shiga biyan masu ajiya da aka soke lasisin bankin Heritage a watan Yunin 2024. Ma'aikacin masaƙa fa, ina tasa hukumar?

Kada a zaci wannan cuta ta Nijeriya ce kaɗai. A Amurka, inda dokar jinyar kamfani ta fi ta ko'ina shahara, iyalin Sackler masu kamfanin magunguna na Purdue Pharma sun nemi a yi amfani da karayar kamfaninsu a kāre su daga ƙarar mutanen da maganinsu ya cutar, alhali su kansu ba su karye ba. A watan Yunin 2024 Kotun Ƙolin ƙasar ta ce doka ba ta ba da wannan dama ba sai da yardar waɗanda aka cuta. Darasin a fili yake: dokar karayar arziki mafaka ce ga wanda ya gaza, ba maɓoya ga wanda ya ƙi ba.

Abin da Muka Gada, da Abin da Maƙwabta Ke Yi

Wannan bambanci tsakanin wanda ya gaza da wanda ya ƙi ba baƙo ba ne gare mu. Duk wanda ya karanta Risala ko Muhtasar a zaure ya tarar da hukuncin muflisi. Malaman Malikiyya sun bayyana cewa alƙali na iya hana wanda bashi ya cinye dukiyarsa taɓa ta, ya raba ta ga masu binsa gwargwadon abin da kowa ke bi, amma a bar masa abin ci da tufafi, shi da iyalinsa. Wanda ya tabbata ba shi da ko anini ba a ɗaure shi, jinkiri ake yi masa, mai hali da ke jan ƙafa kuwa azzalumi ne. Tun kafin Bature ya zo, kakanninmu sun san cewa ana rabon hasara da adalci, ba a bar mai ƙarfi ya fara ɗiba ba.

Maƙwabtanmu na Nijar suna cikin ƙungiyar OHADA, wadda aka kafa a 1993 don daidaita dokokin kasuwanci na ƙasashe 17. Dokarsu ta karayar arziki ta ba wani kashi na albashin ma'aikaci fifiko na musamman, a biya shi da wuri kafin a shiga dogon rabo. A Ingila, in kamfani ya karye, akwai asusun Gwamnati da ke biyan ma'aikaci albashin da ya maƙale da kuɗin sallama har zuwa wani adadi, sa'an nan Gwamnati ta shiga layin masu bin bashi a madadinsa. Faransa ma tana da irin wannan asusu, wanda masu kamfanoni ke zuba wa kuɗi. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya kuwa ta yi yarjejeniya a kan wannan batu tun 1992.

Saboda haka ina da shawara uku. Ta farko, a kafa asusun lamunin albashi, kowane kamfani mai rajista ya riƙa zuba ɗan wani abu tun yana da lafiya, don ran da ya faɗi ma'aikaci ya karɓi haƙƙinsa cikin watanni, asusun ya je ya yi ta shari'a da banki. Ta biyu, a tilasta wa kowane kantoma da mai riƙon kadara ya bayyana a fili abin da ya sayar, da wanda ya saya, da nawa, da ladan da ya ɗauka, wakilin ma'aikata kuma ya sami kujera a inda ake shawara. Ta uku, duk kamfanin da Gwamnati ta mallaka, kada a sayar ko a ba da hayar ko taku ɗaya na filinsa sai an fara cire haƙƙin ma'aikata.

'Yan'uwana ɗalibai da matasan ma'aikata, na san wasu za su ce wannan aikin 'yan majalisa ne, ina ruwanmu. To, amma fayil ɗin tsohon ma'aikaci ba a teburin gwamna yake kwana ba. A teburin ƙaramin akawu yake kwana, da na magatakardan kotu, da na lauyan ma'aikatar shari'a da ya nemi a ɗaga ƙara karo na goma. Nan da shekara biyar mu ne a kan waɗannan tebura. Ran da irin wannan fayil ya zo hannunka, ka tuna akwai mutum a cikinsa, kuma kwanakinsa ƙidayayyu ne.

Na koma wajen dattijon nan kafin in zo nan, na ce masa, "Baba, na samo amsar. Kuɗinka ba ɓata suka yi ba. Layi aka yi, aka sa ka a baya, kuma mutane ne suka tsara layin, mutane na iya sake shi." Ya yi murmushi, ya mai da takardunsa cikin leda, ya ce, "To, ku hanzarta."

 Inda na yi kuskure, malamaina da ke nan su gyara mini.